Daga Weji Zuwa Sitiyari: Tarihin Koyon Tuƙin Mota a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da ƙofar shigarta. Ɗan maƙeri da zugazugi yake farawa, ɗan masaƙi kuma da wadari. Tuƙin mota baƙuwar sana'a ce a ƙasar Arewa, don shekarunta ba su wuce ɗari da ƴan kai ba. Amma da ta iso, sai jama'a suka sanya ta cikin tsarin da suka gada na ubangida da yaronsa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda matasan Arawa, daga Dogon Dutsi har ƙauyukan Sukukutane, suka riƙa koyon tuƙi, da abin da ya sauya a wannan koyo.

Hanya ta riga mota

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta shata iyaka a kan wani zagaye mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Wannan ya bar Faransawa da hanya mai ƙarancin rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 sannan aka tura iyakar kudu, suka samu hanya mai ruwa wadda ta ratsa Arewa da Ƙonni. Wannan hanya ta ayarin jakai da raƙuma ita ce daga baya ta zama babbar hanyar ƙasa mai lamba 1.

A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën mai motoci takwas ya tsallako hamada, ya biyo ta Yamai, ya nufi gabas ta Tasawa da Damagaram. Direbobinsa da makanikansa Turawa ne. A 1926 aka mai da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai, zirga-zirga tsakanin biranen biyu ta ƙaru. Talakawa ne suka share hanyar da hannuwansu, suka ɗebo mata tsakuwa a ka, ƙarƙashin aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Ke nan talakan Arewa ya san wahalar hanyar mota tun kafin ya taɓa zama cikin mota. Ƴan ƙasa na farko da suka riƙe sitiyari yawancinsu yaran kwamandoji ne da na kamfanonin ciniki irin su CFAO da SCOA, waɗanda suka faro daga wanke mota da miƙa sifana.

Gyaɗa ta buɗe ƙofa

Abin da ya mai da tuƙi sana'ar jama'a shi ne gyaɗa. A shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta ɓullo da shirin da ta kira Hirondelle, domin karkatar da wani kaso na gyaɗar Nijar daga jirgin ƙasan Kano zuwa na Paraku a Dahome. Manyan motoci suka riƙa tasowa daga gabas, su ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, su sauka Gaya. A 1958 aka buɗe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, bayan samun ƴancin kai kuma aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. Kowace babbar mota tana buƙatar yaro ɗaya ko biyu. Saurayin da ya gama girbin hatsi a ƙauye, ya fito cin rani, yana iya tsayawa a tasha ya nemi direban da zai ɗauke shi.

Makarantar yaron mota

Wanda aka ɗauka ana kiransa yaron mota, ko apranti, ko karen mota in ana son a wulaƙanta shi. Makarantarsa ba ta da allo, amma tana da aji-aji.

Ajin farko shi ne weji, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi. Da mota ta tsaya a hawa, yaro zai diro da gudu ya cusa shi bayan taya kafin ta gangara. A nan yake fara gane nauyin mota da iyakar ƙarfin birki. Daga nan sai duba ruwan lagireto da baƙin mai kowace asuba, da kwance taya a yi mata faci, da ɗaure kaya yadda nauyi ba zai rinjaya gefe guda ba. Shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadi, shi ke cin abin da maigida ya rage.

Aji na biyu na kunne ne da ido. Yaro yana zaune bisa kaya ko a bakin ƙofa, yana sauraren kukan inji, har ya san lokacin da ya kamata a sauya giya tun kafin hannun direba ya motsa. Hanyoyin da suka rabu da babbar hanya suka shiga yankin Sukukutane su ne manyan malamansa. A cikin rairayi yana koyon cewa ba a taka birki da ƙarfi, ba a kuma sauya giya a tsakiyar tudun yashi; in mota ta kafe, a rage iskar taya, a haƙe gabanta, a shimfiɗa rassa ko farantan ƙarfe. Da damina kuwa, in an iso ƙorama, shi ke naɗe wando ya shiga da ƙafa ya auna zurfin ruwa da taurin ƙasa.

Sai a aji na uku ake barinsa ya hau kujera. Da fari ya tada mota ta yi ɗumi, sannan ya matsa da ita gaba kaɗan a tasha, ya koma da baya zuwa wurin lodi. Haɗa kuloci da totur ba tare da inji ya mutu ba, nan ne gumi yake karyo wa kowane ɗan koyo. In ya ƙware, sai wata rana a miƙaƙƙiyar hanya, mota ba kaya, maigida ya koma gefe ya ce masa ya ja. Tsakanin weji da wannan rana akan yi shekaru.

Tsarin yana da aibinsa. Akwai duka da zagi, babu albashi tsayayye, wani ubangidan kuma yakan ja lokaci da gangan don kada ya rasa mai yi masa bauta. Sannan yaro yakan gaji kurakuran maigidansa tare da gwanintarsa. Haka kuma sanin hanya bai ba shi sanin doka ba, alhali doka tana sauyawa. Kafin 2 ga Afrilu 1972, direban da ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato dole ya koma hannun hagu, sai a ranar Najeriya ta dawo hannun dama irin na Nijar.

Zamanin takarda da na babur

Hukuma ba ta san shekarun da yaro ya yi bisa kaya ba, takarda ta sani. Permi, wato lasisin tuƙi, ya bi tsarin Faransa: B na ƙananan motoci, C na motocin kaya, D na ɗaukar fasinja. Makarantun tuƙi suka buɗe a birane, inda ake fara wa ɗalibi da kod, wato dokokin hanya da alamominta, sannan a ba shi sitiyari na ƴan awoyi. Wannan ya juya tsohon tsari, ya sa na ƙarshe ya zama na farko. Littafin kod kuma da Faransanci yake. Sai aka samu direbobi iri biyu: mai hannu wanda alamar hanya take yi masa wuyar karantawa, da mai takarda wanda bai taɓa fid da mota daga yashi ba.

Daga shekarun 2000 baburan Sin masu araha suka cika kasuwanni, sana'ar kabu-kabu ta shiga ƙauyuka. Babur ya sauƙaƙa kai mara lafiya asibiti da kai kaya kasuwa, amma ya zo ba tare da ubangida ba. Yaro yakan koya a fili bayan gari cikin yini biyu, a na uku ya goya fasinja. Bai bi ta makarantar weji ba, bai bi ta ta kod ba.

Kammalawa

Tarihin nan yana nuna cewa abin da tsoffin direbobi suka koya wa yaransu, in an cire duka da zagi, shi ne a san nauyin abin hawa da halin hanya kafin a nemi gudu. Abin da makarantar tuƙi ta ƙara shi ne doka guda wadda kowa zai bi. Matashin Sukukutane na yau yana buƙatar duka biyun. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantun Nijar, a 2025 kuma aka ayyana ta harshen ƙasa. Babu abin da zai hana malamai su fassara alamomin hanya su shigar da su aji, ƙungiyoyin al'adu kuma su gayyato tsoffin direbobi su zauna da matasa, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Masu iya magana dai sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.