Ina A Daidaita Sahu Zai Kwana? Nazari Kan Ƙofar Gida a Gwammaja

Wanda ya ratsa layukan Gwammaja a Kano bayan sallar isha'i zai tarar unguwar ta sauya kama. Baburan A Daidaita Sahu da suka wuni suna jigila tsakanin Ƙofar Ruwa, Kantin Kwari da Sabon Gari sun dawo, kowanne ya raɓe a jikin bangon gidan direbansa. Ga a-kori-kura, ga motar haya, wani layin har da tifa. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, dokokinmu sun shagala da yadda abin hawan haya ke tafiya, sun bar batun inda yake kwana, alhali a nan ne rigimar maƙwabta take tsirowa.

Cunkoson yana da tarihi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da baburan masu ƙafa uku a 2005, da nufin raba mata da hawa acaɓa, suka kuma ari sunan shirinta na gyaran tarbiyya. Sun kasance 'yan kaɗan har zuwa Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Dubban matasa suka koma A Daidaita Sahu. Sai dai akwai wani bambanci da aka yi sakaci da shi: babur mai ƙafa biyu a soro yake kwana, a turo shi ciki a ja ƙyaure. Mai ƙafa uku kuwa faɗinsa ya kai mita 1.3, ba ya shiga ƙofar soro. Ke nan shawarar da aka yanke domin tsaro ta fitar da makwancin abin hawa daga cikin gida zuwa kan hanya. Da aka zo Yulin 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, sai ya zamana duk a lokaci guda suke neman wurin fakin.

Gwammaja ta fi tsofaffin unguwannin gindin Dala sa'a, domin tana cikin wuraren da aka yanka daga baya a filayen da ganuwa ta kewaye, layukanta sun fi lungunan Madabo faɗi. Amma wannan faɗin ne ya jawo mata nauyi, don wanda lungunsa ba ya ɗaukar mota a layin da ke ɗauka yake ajiyewa. Ga kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a maƙwabtaka, da motocinta na dakon rodi da siminti.

A ɓangaren hukuma, aikin a rabe yake. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa wadda aka kafa a 2012, ƙarfinta yana kan manyan tituna da rana. KNUPDA tana duba izinin gini da yadda ake amfani da fili. Motar da ta kwana a layi ta faɗa tsakanin biyun: ba tafiya take yi ba, ba kuma gini ba ce. Takaddamar da aka sha yi da direbobi, irin yajin aikin Fabrairun 2021 da na Janairun 2022, duk a kan haraji da kuɗin rajista ne. Abin da ya rage, a hannun mai unguwa yake, shi kuwa makaminsa sulhu ne da kunyar ido.

Al'adar da mutane ke kafa hujja da ita ita ce "ƙofar gidana ce". Maganar tana da tushe. Malaman Malikiyya sun san abin da suke kira fina'i, wato ɗan filin da ke manne da bangon gida, sun yarje wa mai gida ya zauna a wurin, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kaya. Sharaɗin shi ne kada ya cutar da mai wucewa, kuma amfani ne aka ba shi, ba mallaka ba. Ibn al-Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen irin wannan saɓani a littafinsa kan dokokin gini. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya faɗin hanyar da aka yi jayayya a kanta kamu bakwai, kusan mita 3.5. Mu auna da wannan. A cire mita 1.3 na A Daidaita Sahu, saura 2.2. Motar kashe gobara tana buƙatar kimanin 2.5. Idan maƙwabcin da ke fuskantarsa shi ma ya ajiye nasa, ko masu ɗauke da makara sai sun karkata. Haƙƙin da aka auna da jaki da dakali ba zai ɗauki tifa ba.

Duk da haka ban ga adalci a dokar da za ta ce kawai a kwashe su ba, balle a unguwar da gidan Mambayya yake, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983 yana kare talaka. Yawancin direbobin nan ba su gama mallakar baburan ba, kullum sai sun kai balas. Mutum yana ajiyewa a ƙarƙashin tagarsa ne don kunnensa ya zama mai gadi. Batir ɗaya aka cire, cinikin kwanaki ya tafi. Wanda ya kai babur garejin kwana mai nisa kuma, da ƙafa zai dawo cikin dare, ya sake fita da asuba.

Japan ta bi wata hanya tun 1962: a biranenta ba a yi wa mota rajista sai mai ita ya kawo shaidar wurin da za ta kwana. Ba za a kwafo wannan yadda yake ba, domin gidan haya mai ɗaki ɗaya ba shi da gareji. Abin ɗauka shi ne haɗa rajista da makwanci. Tunda ana sabunta takardun A Daidaita Sahu, ana iya rubuta inda kowanne yake kwana, mai unguwa ya sa hannu. Daga nan sai a bambanta da girma. Tifa, tirela da tankar mai ba su da hurumin kwana a layin zama, tankar ma haɗarinta ya wuce toshe hanya. Ƙananan kuwa a bar su a gefe guda na layi, ɗaya gefen ya zauna a buɗe, kusurwoyi da bakin masallaci da kan kwata su zama haramtattu. Layin da bai kai wannan faɗi ba, ƙaramar hukumar Dala ta nema masa kangon fili kusa, a sa 'yan sintirin unguwa gadi, kuɗin kwana ya zama albashinsu. Irin waɗannan garejin kwana suna nan a Kano, masu filaye ne ke buɗe su don kansu. Abin da babu shi ne wanda zai auna layin da igiya, ya ce wannan ya ɗauka, wannan bai ɗauka ba.