Gashi da Dashen Mama: Tarihin Muhawara Kan Lokaci

A zamanin William Halsted, likitan Johns Hopkins da ya yaɗa tiyatar cire mama gaba ɗaya a ƙarshen ƙarni na 19, gyaran ƙirjin macen da sankara ta kama ba ya cikin lissafi. Jakar silikon da ake dasawa a mama ta fito a 1962 daga hannun likitoci Cronin da Gerow a Houston. A 1982 Chedomir Radovan ya bayyana wata jaka ta wucin gadi, wadda ake ɗura wa ruwan gishiri kaɗan-kaɗan har fata ta miƙe, sannan a cire ta a sa ta dindindin. Aikin ya zama zango biyu.

Matsala ta kunno kai a 1997, lokacin da bincike biyu, ɗaya daga Danmak ɗaya daga Kanada, suka nuna cewa gashi da haske mai kashe ƙwayoyin sankara bayan cire mama yana ƙara tsawon rai ga matan da cutar ta kai kaluluwar hammatarsu. Labari ne mai daɗi, sai dai gashin yana taurara fata da nama, yana rage gudun jini, kuma tantanin da jiki ke naɗe jakar da shi kan ƙanƙance ya matse ta, ƙirji ya yi tauri da zogi. To, a wane zango za a yi shi?

Peter Cordeiro na asibitin Memorial Sloan Kettering a New York ya zaɓi gaggawa: a cika jakar farko yayin da mace ke karɓar kemoterafi, a sauya ta makonni kaɗan bayan gamawa, sannan a yi gashi a kan ta dindindin. Rahoton Maurizio Nava daga Milan a 2011 ya ƙarfafa wannan, domin aikin ya lalace ga kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka gasa musu jakar farko, amma bai kai kashi 7 ba a ɗaya rukunin. Dalilin a fili yake: yanka naman da ya sha gashi na jawo ƙin warkewa da ruɓewa. A 2015 Cordeiro da kansa ya nuna ɗaya fuskar, cewa idan aikin ya tsira, matan da aka sauya musu jaka bayan gashi sun fi samun laushin ƙirji, tunda likita na iya sassauta tantanin lokacin sauyin.

Ana cikin haka tsarin magani ya juya. Yanzu mata da yawa na karɓar kemoterafi tun kafin tiyata, don haka babu sauran tazarar da Cordeiro ke amfani da ita, kuma bai kamata a jinkirta gashi ana jiran jaka ba, domin rai ne a gaba. Sai tambayar ta koma tsawon jiran da za a yi bayan gashi. Binciken Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco a 2012 ya gano cewa jiran fiye da wata 6 kafin sauya jakar na rage lalacewar aikin sosai.