Tarihin Sisal a Tanzaniya: Daga Tsiro 62 Zuwa Kasuwar Duniya

Kafin zaren roba ya mamaye kasuwa, igiyar ɗaure jirgin ruwa a tasha, da ta ɗaure damin alkama a gona, da gashin buroshin wanke daɓe, akasarinsu daga jikin tsiro ake samun su. Masana sun kasa zaren tsirrai gida biyu, wato mai laushi da ake ɓarowa daga bawon kara, irin na rama, da kuma mai tauri da ake cirowa daga cikin ganye, wanda ya fi jure ja da gurza. A cikin masu taurin nan, sisal ne ya fi barin sawu a tarihin Afirka ta Gabas, domin ya yi shekaru da dama yana riƙe da tattalin arzikin Tanganyika, ƙasar da ta haɗu da Zanzibar ta zama Tanzaniya.

Sisal tsiro ne mai dogayen ganye masu kauri, kowane da ƙaya a bakinsa, kuma yana jure fari ƙwarai. Asalinsa ƙasar Meziko ne, inda ya samo sunansa daga wata tashar jiragen ruwa a yankin Yukatan. Tsiro guda yakan ba da ganye 200 zuwa 250 a tsawon rayuwarsa, sannan ya fid da dogon kara mai ɗauke da ƙananan tsirai ya mutu, kuma da waɗannan tsirai ake dasa sabuwar gona. Zaren da ke cikin ganyen bai wuce kashi 4 cikin 100 na nauyinsa ba, saboda haka noman ya dogara ne a kan manyan gandaye, da injin da ke kankare tsokar ganyen, da ruwa mai yawa na wanki, da kuma ɗimbin ma'aikata.

A shekarar 1893 wani Bajamushe masanin aikin gona, Richard Hindorf, ya sa aka aiko da ƙananan tsirai 1,000 daga Fulorida ta Amurka, suka biyo ta Hamburg, amma 62 kaɗai suka iso da rai, aka dasa su a Kikogwe kusa da Pangani a Tanganyika. Daga nan noman ya bazu a yankin Tanga, yana bin hanyar dogo da Jamusawa suka shimfiɗa daga tashar ruwan garin zuwa cikin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da mulkin ƙasar ya koma hannun Birtaniya daga na Jamus, aka sayar da gandayen Jamusawa ga Turawan Ingila da Girkawa da 'yan kasuwa 'yan asalin Indiya, har sisal ya zama kan gaba a kayan da ƙasar ke fitarwa.

Wannan arziki a kan gumin talakawa aka gina shi, kuma duk tarihin da ya tsallake su bai cika ba. Mai yankan ganye yana wuni cikin rana da wuƙa a hannu, ƙaya na sukarsa, ruwan ganyen na sa masa ƙaiƙayi, yana ɗaure damuna yana kai wa ƙananan taragu, kuma ba a rubuta masa ladan yini sai ya cika adadin da aka yanka masa. Tun da yawancin mutanen yankin sun gwammace noman kansu, sai aka riƙa kwaso ma'aikata daga kudanci da yammacin ƙasar, da Mozambik, da Ruwanda da Burundi, waɗanda ake kira manamba a harshen Suwahili, wato 'yan ƙwadagon kwantiragi da aka yi wa rajista da lamba. Lokacin da Japan ta mamaye Filifin da Indonesiya a 1942, hanyar samun zaren igiya daga Asiya ta toshe, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga tilasta wa mutane aiki a gandayen, kuma a 1944 masu gandaye suka kafa ofishinsu na musamman domin ɗaukar ma'aikata daga nesa.

Noman ya kai ƙololuwa a 1964, lokacin da ƙasar ta samar da kimanin tan 230,000, tana matsayi na ɗaya a duniya. Sai dai faɗuwar ba ta yi jinkiri ba, domin a cikin waɗannan shekaru ne masana'antun Turai da Amurka suka fara fitar da igiyar roba da ake sarrafawa daga man fetur, mai araha wadda ba ta ruɓewa, farashin sisal kuwa ya karye. Bayan Sanarwar Arusha ta 1967, gwamnatin Julius Nyerere ta karɓe gandaye masu yawa, amma ta gaji tsofaffin injuna a daidai lokacin da kasuwa ke tsukewa, ga rashin jarin sabunta shuka. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ake samarwa ya yi ƙasa da tan 40,000, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, ƙasar Barazil kuma ta karɓe matsayin farko.

A yau ana neman sisal domin dardumar ɗaki, da takarda mai ƙarfi, da ƙyallen goge ƙarfe, da buroshi, kuma damuwar duniya game da sharar roba ta ƙara masa daraja, tun da shi yana ruɓewa ya koma ƙasa. Abin da wannan tarihi ke koyarwa shi ne, ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya alhali wasu ne ke sarrafa shi kuma suke yanka masa farashi, ba ta da iko da arzikinta komai yawan abin da ta noma. Idan har sisal zai sake amfanar mutanen Tanga, wajibi ne a tuƙa igiyar a saƙa dardumar a cikin ƙasar, a kuma biya mai yankan ganye ladan da ya yi daidai da wahalarsa.