Sulken Ƙarfe a Fuskar Talabijin: Tarihin Wasannin Tuƙa Mutum-mutumin Yaƙi

Daga cikin wasannin bidiyo da kamfanonin Japan suka fitar tsakanin 1990 da 1996, akwai wani rukuni da bai yi tashe a ƙasar Hausa kamar wasan ƙwallo ko na dambe ba, amma ya cancanci a rubuta tarihinsa, wato wasannin da mai wasa ke zama matuƙin wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe, mai hannaye da ƙafafu, wanda aka ƙera domin yaƙi. Abin da ya raba su da sauran wasannin harbi na zamaninsu shi ne nauyi, domin masu tsara su sun dage sai wanda ke riƙe da abin sarrafawa ya ji a yatsunsa cewa abin da yake tuƙawa ya fi ƙarfinsa, ba ya tashi nan take, kuma ba ya tsayawa nan take.

Asalin wannan tunani yana cikin labaran zane na Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1956 Mitsuteru Yokoyama, wanda ya ga yadda jiragen Amurka suka ƙone birnin Kobe yana yaro, ya fara zana Tetsujin 28-go, labarin wani mutum-mutumi da aka fara ƙerawa a matsayin makamin sirri na yaƙi, wanda wani yaro ke sarrafawa daga nesa da ƙaramin akwati. A 1972 Go Nagai ya fito da Mazinger Z, inda ya ɗauke matuƙin daga nesa ya zaunar da shi a cikin kan mutum-mutumin, kuma wannan sauyi ne ya haifi duk abin da ya biyo baya. Sai a 1979 Yoshiyuki Tomino ya kawo shirin talabijin na Mobile Suit Gundam, wanda ya sauko da mutum-mutumin daga matsayin gwarzo mai sihiri zuwa kayan soja da ake ƙerawa da yawa a masana'anta, yana lalacewa, harsashinsa yana ƙarewa, matuƙansa kuma samari ne masu tsoro waɗanda yaƙi ya rutsa da su. An taƙaita shirin zuwa kashi 43 saboda ƙarancin masu kallo, sai kayan wasan roba da kamfanin Bandai ya fara sayarwa a 1980 suka farfaɗo da shi. 'Yan Najeriya da yawa sun fara sanin wannan duniya ne ta hanyar Voltron, wanda Amurkawa suka haɗa a 1984 daga wasu shirye-shiryen Japan, aka kuma riƙa nuna shi a gidajen talabijin na ƙasar.

Mai karatun da ya san Tarihin Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba. Littafin ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, kuma sanannen abu ne cewa ɗan lifida yana samun kariya daga kibiya ne a bakin saurinsa, har idan ya faɗi daga doki tashi yakan yi masa wuya. Wannan ciniki tsakanin kariya da sauri shi ne zuciyar wasannin da ake magana a kansu.

Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a ranar 15 ga Yuli 1983, ba ta da ƙarfin nuna irin wannan nauyi sosai, domin ma'ajiyar aikinta kilobayit 2 ce kacal, kuma ba ta iya jera ƙananan hotuna masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya na fuskar talabijin ba tare da sun riƙa ƙyaftawa ba. Sai da Mega Drive ta Sega ta fito a 1988, sannan Super Famicom a 1990, hanya ta buɗe. A 1990 kamfanin Masaya ya fitar da Assault Suit Leynos a kan Mega Drive, wanda aka sayar a Amurka da sunan Target Earth, wasa mai matakai 8 da ya shahara da tsananin wuya, inda makaman da ake ba matuƙi a mataki na gaba suka dogara ga ƙwazonsa a matakin da ya wuce.

Gwanintar ta cika ne a Disamba 1992, lokacin da kamfanin ya fitar da Assault Suits Valken a kan Super Famicom. Labarinsa yaƙi ne tsakanin manyan ƙawance biyu na duniya a kan ragowar man fetur da mallakar filaye a duniyar wata, jaruminsa kuma, Jake Brain, soja ne kawai a cikin rundunar da ba shi ya kafa ba. Mutum-mutumin yana taka ƙasa da ƙara mai nauyi, injin da ke bayansa yana ɗaga shi sama na ɗan lokaci ne kawai kafin ya dawo da shi, idan kuma ya ɗaga garkuwa to ya tsira daga harbi amma ba zai iya takawa ba, ta yadda kowace daƙiƙa sai mai wasa ya zaɓa tsakanin tsira da ci gaba. Harsashi yana barin rami a bango, ƙananan sojoji na gudu a ƙarƙashin ƙafafun injin, abokan yaƙi kuma suna magana ta rediyo ana tsakiyar artabu. Mafi jan hankali shi ne yadda wasan ba ya tsayawa idan mai wasa ya kasa cika wani aiki: labarin yana ci gaba da asarar, kuma ƙarshensa yakan sauya saboda ita. Wasanni kaɗan ne na wancan zamani suka girmama mai wasa har suka bar shi ya ɗauki alhakin gazawarsa haka.

Da kamfanin Konami ya kai wasan Amurka da Turai a 1993 da sunan Cybernator, an cire hotunan fuskokin masu magana, an rage hirarraki, an kuma goge wurin da shugaban ɓangaren da aka ci da yaƙi ya kashe kansa. Wannan yanka ya rage wa wasan abin da ya fi daraja a cikinsa, wato tunatarwar cewa akwai mutum a cikin ƙarfen. Wasu masu tsara wasa a kamfanin LucasArts na Amurka sun fahimci wannan batu, domin a Metal Warriors na 1995 matuƙi yana iya fitowa daga injinsa da 'yar bindiga, ƙanƙane kuma mai rauni, ya ruga ya shiga wani. A 1996 wasu daga cikin waɗanda suka yi Valken suka haɗu da kamfanin Square suka fitar da Front Mission: Gun Hazard, wanda aka sayar a Japan kaɗai.

Dalilin da ya sa waɗannan sunaye ba su zauna a bakin samarin Kano ba yana da alaƙa da tattalin arziki. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, na'urorin asali da kasetocinsu suka yi wa yawancin gidaje tsada, sai kasuwanni irin na Sabon Gari suka cika da kwaikwayon Famicom daga Taiwan da Sin, masu kaset ɗaya da ke alƙawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Abin da yara suka sani ke nan: Super Mario, wasan tankar yaƙi na Battle City, da Contra, wanda aka mayar da sojojinsa mutum-mutumi a Turai a 1990 da sunan Probotector saboda dokar Jamus kan nuna wa yara kisa. A garuruwan yammacin jihar Kano kamar Ƙaraye da Rogo da Falgore, ƙarancin wutar lantarki ya ƙara nisanta irin waɗannan na'urori daga gidaje. Da shagunan gem masu janareta suka yaɗu a zamanin PlayStation, inda ake biya a buga wasa ɗaya a ba wani wuri, ƙwallo da dambe ne suka dace da wannan tsari, domin mutum biyu ne ke karawa a gama cikin mintuna, wasan mutum ɗaya mai dogon labari da rubutun Japananci kuwa ba ya kawo wa mai shago riba.

Salon bai mutu ba, ya koma hotuna masu zurfi ne a Armored Core na FromSoftware a 1997, ya kuma kai maƙura a Steel Battalion na Capcom a 2002, wanda abin sarrafa shi ke da madannai kusan 40 da fedoji, kuma idan matuƙi bai danna madannin tsira ba kafin injinsa ya tarwatse, wasan yana goge duk ci gaban da ya ajiye. Valken kuwa sai a 2023 aka sake fitar da shi a kan Nintendo Switch da cikakkiyar fassarar Turanci da duk wuraren da aka yanke a 1993.