Hoton PET-CT da Sankarar Tantanin Huhu

Duk wanda ya san kasuwar kayan gyaran mota ta Zuba ya san ƙurar da ke tashi idan bakanike ya buɗe birki ya hure shi. Wasu takalman birki da faifan kuloci suna ɗauke da asbestos, haka ma silin da rufin tsofaffin gidaje. Shaƙar ƙurarsa shi ne babban sanadin mesotiliyoma, wato sankarar da ke kama siririn tantanin da ya lulluɓe huhu. Ba ta gaggawa: takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, da ciwon ƙirji, haki, da taruwar ruwa a gefen huhu. Ingila ta haramta asbestos gaba ɗaya tun 1999.

Matsalar wannan ciwo ita ce ba ya yin ƙullutu guda, shimfiɗuwa yake kamar ɓawo. Hoton CT yana nuna kaurin tantanin da wurin da yake, amma ba kullum yake bambance tsohon tabo da nama mai sankara ba. Nan PET ke shigowa. Ana yi wa majinyaci allurar wani suga mai ɗan tururin nukiliya bayan ya yi kamar awa 6 bai ci komai ba, ya huta awa guda, sannan a ɗauki hoto. Ƙwayoyin sankara mayunwata ne, sun fi zuƙar sugan, sai wurin ya haska. Idan aka ɗora hotunan biyu, likita zai ga inda ya dace a tsakuro nama don gwaji, da ko ciwon ya tsallaka ƙashi ko ciki, abin da kan sa a fasa tiyata. Da shi kuma ake duba ko magani na aiki.

Sai dai a kula, tarin fuka ma yana haskawa, kuma mun san yawansa a cikinmu. Don haka hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an gwada naman.

Sugan yana rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, shi ya sa na'urar ke buƙatar wurin sarrafa shi a kusa. A Najeriya, Legas ce ta fara samunta. Mazaunin Zuba zai iya farawa da asibitin koyarwa na Gwagwalada, kuma ya gaya wa likita sana'ar da ya yi tun yana matashi, ko da ya daɗe da barinta.