Daga Tsibirin Jawa Zuwa Kakuri

Duk wanda ya taɓa raka innarsa kasuwa sayen kayan lefe ya ji ana cewa wannan atamfa Holan ce, waccan kuma Java ce. Amma da wuya ka sami wanda ya tsaya ya tambaya, shin mece ce Java ɗin? To, sunan tsibiri ne, wanda masu shi ke kira Jawa, a ƙasar Indunusiya. Ƙasa ce ta tsibirai zalla, fiye da 17,000, kuma galibin mutanenta Musulmi ne. Alhazanmu sun daɗe suna cuɗanya da su a Makka.

Mutanen Jawa suna da wata tsohuwar sana'a da suke kira batik. Sai a narka kaki a zana ado da shi a jikin farin yadi, sa'an nan a tsoma a baba. Inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Zane guda yakan ci watanni. Da Turawan Holan suka mallaki ƙasar sai suka yi kwaɗayin wannan ciniki, suka shiga kwaikwayon abin da injin a ƙasarsu. Kamfanin da yanzu ake kira Vlisco tun 1846 aka kafa shi a garin Helmond. Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Mutanen Jawa suka dubi aikin injin, suka ga kakin ya tsattsage rini ya bi tsagar, suka raina shi. Abin da suka ɗauka aibi kuwa shi ne ya zama ado a idon matan Afirka ta Yamma, sa'ad da 'yan kasuwar Turai suka karkato da hajar bakin tekun Gwalkwas wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Akwai wani zance da ake yawan yi. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi soja wajen 3,000 daga Elmina ta kai su yaƙi a tsibiran nan, da yawansu bayi ne da aka gangaro da su daga arewacin Asante. Waɗanda suka komo sun zauna a wata unguwa da har yau ake kira Tudun Java. Wai su suka fara kawo batik tsaraba. Labarin da daɗi, amma a ganina tsarabar tsohon soja ba ta isa ta juya kasuwar ƙasashe ba. Jiragen 'yan kasuwa ne suka yi wannan aiki.

Daga nan sai Kakuri, a ƙetaren kogin Kaduna. A 1957 gwamnatin Sardauna, tare da wani kamfani na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL don a sarrafa audugar Arewa a gida. UNTL ta biyo baya a 1964 da jarin mutanen Hong Kong, ta kuwa shahara da buga atamfa, har da samfurin da ake kira Java. Watau adon da ya taso daga Jawa, ya bi ta Holan, ya zo ya sauka a hannun ɗan Zazzau da ɗan Binuwai masu aikin dare. Unguwannin Kakuri, Makera da Nasarawa da waɗannan masaƙu suka cika. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da kayan fasa-ƙwauri suka haɗu suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, aka bar dubban magidanta suna jiran haƙƙinsu. Su kuwa mutanen Jawa suka riƙe tasu sana'ar, har UNESCO ta sa batik cikin kayan gadon duniya a 2009.

Yau 'yan kasuwarmu ne ke zuwa saro kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta. Mai niyyar bin sawunsu ya nemi biza tun daga gida, ya riƙe katin allurar shawara. Sai an canja jirgi a hanya. Kuɗinsu rupiya ne, agogonsu yana gaba da namu da awa 6, kuma damina tana kankama a Jawa daga Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin da mu muke fama da hunturu. Motocinsu hannun hagu suke bi, yadda muke yi kafin 1972. Kada ka yarda ka riƙe wa kowa ƙunshi, don hukuncin fataucin ƙwaya a can kisa ne, an kuwa harbe 'yan Nijeriya a kansa a 2015 da 2016. In batik na hannu kake son gani, ka hau jirgin ƙasa zuwa Yogyakarta, Solo ko Pekalongan. In lokacin salla ya yi kuma ka tambayi alƙibla, kada ka ce za ka dubi gabas, don su yamma suke fuskanta.