Tulun Nag Hammadi da Rigimar da Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya ɗan jima a nan Kudu, ko a Legas ko Fatakwal ko Kalaba, ya san allunan nan da ake kafawa a bakin titi da takardun da ake mannawa a gilashin mota: Rosicrucian, Eckankar, Grail Message. Su ba coci ba, su ba masallaci ba, su kuma ba gidan boka ba. Idan ka tambayi fasto ra'ayinsa a kansu, mai gajen haƙuri zai ce maka tsafi ne kawai cikin kwat da lakataye. Wanda ya yi karatu mai zurfi kuwa zai ce ai tsohuwar cuta ce, Nostik ne suka dawo. To wannan kalma ce nake so mu bi sawunta yau, mai karatu, domin shekarunta sun haura 1,800.

Asalinta kalmar Girkanci ce, gnosis, wato sani. Amma ba sanin littafi ba, sanin ɓoye da mutum ke gano ko shi wane ne da inda ya fito. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu an samu malamai a cikin Kiristoci, musamman a Iskandariya ta Masar da birnin Rum, masu koyar da cewa wannan duniya ba Ubangiji Maɗaukaki ne ya halicce ta ba. Wai wani ƙaramin mahalicci ne, jahili mai girman kai, wanda ya samu sakamakon kuskuren wata halittar sama mai suna Sofiya, wato Hikima. Littafin Asirin Yohanna ya ba shi suna Yaldabawot. A ganinsu jiki kurkuku ne, amma a cikin wasu mutane akwai tartsatsin haske da ya faɗo daga sama, kuma Yesu ya zo ne ya farkar da wannan tartsatsi. Ceto ke nan ba ta hanyar tuba da gicciye yake zuwa ba, ta hanyar farkawa ne. Mafi shahara a cikinsu shi ne Balantinus, wanda ya koyar a Rum wajajen shekara ta 140. Mabiyansa sun kasa 'yan Adam gida uku: na ruhu, na rai, da na turɓaya. Ba sai na faɗa maka a wane gida suka sa kansu ba.

Mutumin da ya tsaya musu a wuya shi ne Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau. Ɗan Asiya Ƙarama ne, yana yaro ya saurari Polikap na Simirna, wanda aka ce ya zauna da manzo Yohanna. Wajajen shekara ta 180 ya rubuta littafi mai juzu'i 5 a kansu. Ya kamata a san halin da yake ciki. A shekara ta 177 an yi wa Kiristocin Liyon kisan gilla, aka jefa wasu ga namun daji, tsohon bishop ɗinsu ya mutu a kurkuku. Mutumin da ya gaji irin wannan kujera, ka zo ka ce masa jiki ba komai ba ne, wahalar Almasihu ma ba ta gaske ba ce, ai ka gaya masa ne 'yan'uwansa sun mutu a banza.

Hujjojinsa ba su da sarƙaƙiya. Ya ce in da manzanni suna da wata koyarwa ta asiri, ai waɗanda suka danƙa wa ikilisiyoyi za su fara gaya wa, sai ya jero sunayen bishop-bishop na Rum ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga silsilarmu a fili, ku kawo taku. Ya ce Allah ɗaya ne, shi ya yi sama da ƙasa, kuma abin da ya yi mai kyau ne, har da jiki. Ya kwatanta yadda suke amfani da Nassi da mutumin da ya samu hoton sarki da aka ƙera da duwatsu masu daraja, ya wargaza shi, ya sake jera duwatsun suka zama hoton kare ko dila, sannan ya ce wa jama'a ga sarki. Yana da ba'a kuma. Da ya gaji da jerin sunayen halittun sama 30 na mabiyan Balantinus, sai ya ce shi ma bari ya ƙirƙiro nasa, ya sa musu sunayen su duma da kokwamba da kankana. Ba duk hujjarsa ce mai ƙarfi ba, gaskiya. Da ya zo kare cewa Bishara huɗu ce ba ƙari, har da cewa ai kusurwoyin duniya huɗu ne, iskoki ma huɗu. Wannan kam ko ɗalibi ba zai karɓa ba yau.

Ala kulli halin, ɓangarensa ne ya yi rinjaye. A shekara ta 367 Atanasiyus na Iskandariya ya aika wasiƙar Ista da ta lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari, ta kuma yi tir da littattafan ɓoye. Sannu a hankali aka daina kwafar su, suka ɓace. Ra'ayin bai mutu tare da su ba. Agustin na Arewacin Afirka ya yi kusan shekara 9 yana bin addinin Mani kafin ya juya ya yaƙe shi. A kudancin Faransa kuma aka samu Katar, waɗanda aka ƙaddamar wa yaƙi a 1209, aka ƙona kimanin 200 daga cikinsu a Monsegur a 1244. A nan amsar ba ta alƙalami ba ce, ta wuta ce, kuma babu yadda za a wanke ta.

Sama da shekara 1,500 kusan duk abin da aka sani game da Nostik daga bakin abokan gabarsu aka ji. Sai a watan Disamba na 1945, kamar yadda labarin ya shahara, wani manomi mai suna Muhammad Ali al-Samman ya je haƙar taki a gindin dutse kusa da Nag Hammadi a kudancin Masar, ya ci karo da tulu a rufe. Ya ji tsoron aljani, ya kuma yi kwaɗayin zinariya, kwaɗayi ya yi nasara, ya fasa. Littattafai 13 ne a ciki masu bangon fata, da harshen Kibɗawa, ɗauke da rubuce-rubuce 52. An ce mahaifiyarsa ta hura wuta da wasu shafuka. Yau suna gidan tarihin Kibɗawa a Alƙahira. Fassarar Turanci ta fito a 1977, sannan littafin Elaine Pagels na 1979 ya kai labarin ga gama-garin masu karatu.

Sun fito a kan gaɓa, domin an riga an share musu fili. Tun 1875 Helena Blavatsky da abokanta suka kafa ƙungiyar Tiyosofi a New York, suna cewa akwai tsohuwar hikima guda a ƙarƙashin dukkan addinai, kuma Nostik ne suka riƙe ta, coci ta danne. Sakatarenta G.R.S. Mead ya fassara littafin Pistis Sophia a 1896. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya ɗauke su a matsayin magabatansa, har cibiyarsa ta Zurich ta sayi ɗaya daga littattafan Nag Hammadi a 1952. Daga wannan tukunya, haɗe da abin da aka aro daga Indiya da ilmin taurari, aka dafa abin da Turawa suka kira New Age, wato Sabon Zamani, wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila a shekarun 1970 da 1980.

Kiristoci ba da murya ɗaya suka amsa ba. A Amurka wata lauya, Constance Cumbey, ta fitar da littafi a 1983 tana cewa makirci ne na share wa Magabcin Almasihu hanya, kuma ƙagaggen labarin Frank Peretti na 1986, inda aljanu ke neman mamaye wani ƙaramin gari ta wannan hanya, ya yi kasuwa ƙwarai. Douglas Groothuis a shekarar nan ya bi hanyar Ireniyus, hujja da hujja. Fafaroma John Paul na II ya ce a 1994 tsohon ra'ayin Nostik ne ya sake kama. Amma amsar da ta fi burge ni ita ce takardar da fadar Batikan ta fitar a watan Fabrairu na 2003, wadda ta ɗauko sunanta daga labarin Yesu da Basamariya a bakin rijiya. Ta ƙi koyarwar, babu kwana-kwana: Allah ba wani ƙarfi ba ne da ke cikinka, mutum kuma ba ya ceton kansa da dabarun zuzzurfan tunani. Amma ta yarda cewa masu tafiya can ƙishirwa ce ta kai su, kuma sau da yawa ba su samu ruwa a coci ba ne.

Shin sunan ya dace kuwa? Rabi da rabi, a ganina. Akwai kama a wurin neman Allah a cikin kai da fifita sani a kan biyayya. Amma Nostik na dā sun tsani duniya, so suke su tsere mata, alhali ɗan Sabon Zamani lafiyar jiki da arziki da son muhalli yake nema. Littafin The Da Vinci Code na 2003 ya ƙara dagula lamarin da ya ce littattafan ɓoye sun nuna Yesu ɗan Adam zalla, alhali galibinsu akasin haka suka yi. Masana irin su Michael Williams a 1996 da Karen King a 2003 har cewa suka yi kalmar ta zama buhun da ake zuba duk abin da ba a so. Dubi allunanmu na Kudu ma. Eckankar, wadda Paul Twitchell ya kafa a 1965, saiwarta tana Indiya. Saƙon Grail na wani Bajamushe ne, Oskar Ernst Bernhardt. AMORC kuwa an kafa ta a New York a 1915, tana danganta kanta da Masar ta dā, kodayake rubuce-rubucen Rosicrucian na farko a Jamus suka bayyana daga 1614.

A Nijeriya har gaban alƙali rigimar ta je. Mujallar Today's Challenge ta ECWA da ke Jos ta buga jerin rubuce-rubuce masu zafi a kan AMORC, ƙungiyar ta kai ƙarar ɓata suna, aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a 1994 ta ba masu mujallar gaskiya. AMORC dai ta ci gaba da cewa ita ba addini ba ce, ba kuma ƙungiyar asiri ba, hedkwatarta ta Nijeriya tana nan a Kalaba.